Wane irin furen okid ya kamata ƙungiya ta saya domin reno tare?

Idan mutum goma ko ashirin suka haɗa kuɗi domin su sayi furen okid iri ɗaya, kowa ya tafi da nasa gida ya rena, sannan a riƙa haɗuwa ana gwada sakamako, tambayar da ake fara yi ita ce wanne ne ya fi araha. Tambayar tana kan hanya, amma ba kuɗin da aka biya ranar saye kaɗai za a duba ba. Tsiron da aka saya da arha ya mutu a wata na biyu ya fi tsada a kan wanda aka ɗan ƙara kuɗi ya rayu har ya haifi wasu.

Dangin okid na da faɗi ƙwarai, domin akwai nau'o'i kusan 28,000 da ke fitowa da kansu a daji, ban da fiye da 100,000 da masu reno suka samar ta hanyar auren iri. Dalilin da ya sa wasunsu ke da arha a yau yana da tarihi. Ƙwayar irin okid kamar ƙura take, ba ta ɗauke da abincin da za ta tsira da shi, saboda haka a daji sai ta dogara da wani naman gwari kafin ta fito. A 1922 Lewis Knudson na Jami'ar Cornell a Amurka ya nuna cewa ana iya tsirar da ita a cikin kwalba a kan abinci mai sukari, sannan a 1960 Georges Morel a Faransa ya nuna yadda za a yanki ɗan ƙanƙanin toho a ninka shi ya zama tsirrai masu yawa, duk kamanninsu ɗaya. Wannan fasaha ce ta sa ƙasashe irin su Taiwan da Holan da Tailan ke fitar da okid da yawan gaske.

Wanda ya fi cin moriyar wannan fasaha shi ne Phalaenopsis, wanda asalinsa kudu maso gabashin Asiya ne, kuma a ganina shi ya kamata ƙungiyar da yawancin mutanenta sababbin hannu ne ta fara dubawa. Yana son ɗumin da mutum ke jin daɗinsa a ɗaki, wato tsakanin digiri 18 zuwa 29 a ma'aunin Salsiyas, ba ya bukatar rana mai ƙarfi, kuma furensa kan yi wata biyu zuwa uku bai zube ba. Ku dubi saiwarsa idan yana cikin tukunya mai nuna ciki. Idan ta bushe sai ta yi fari kamar azurfa, da zarar ta sha ruwa kuma sai ta koma koriya. Tsiron da kansa yake faɗa wa mai shi lokacin ban ruwa, kuma wannan babban sauƙi ne ga ƙungiyar da kowa ke reno a ɗakinsa ba tare da malami a kusa ba. Abin da ke kashe shi yawanci abu biyu ne: dasa shi a ƙasa maimakon ɓawon itace ko gansakuka, da barin ruwa ya kwana a tsakiyar ganyen har ya ruɓe.

Idan ƙungiyar ta dage cewa nau'i na asali take so, ba wanda aka yi wa aure ba, to Phalaenopsis equestris na Filifin da Taiwan ya cancanci a nema. Ƙarami ne, yana fure tun bai girma sosai ba, kuma yana yawan fitar da ɗan tsiro a jikin sandar furensa, wanda masu reno ke kira keiki, kalmar mutanen Hawayi mai nufin jariri. Idan ɗan ya yi saiwa biyu ko uku masu tsawon yatsa, sai a cire shi a dasa daban, ka ga wanda nasa ya mutu ya samu madadi ba tare da an sake taɓa asusu ba.

Dendrobium, wani jinsin okid, shi ma yana da arha kuma yana yawan haihuwa, sai dai yana bukatar haske fiye da Phalaenopsis, kuma nau'o'insa sun bambanta sosai. Dendrobium kingianum na Ostireliya, alal misali, yana da juriya, amma ba ya fure da kyau sai ya samu lokacin sanyi da ƙarancin ruwa, saboda haka bai dace da wurin da zafi ba ya sauka duk shekara ba. Cattleya kuwa, wadda ita ma wani jinsin okid ce, a bar ta sai zagaye na gaba.

Sai batun girman tsiron da za a saya, wanda a nan ne ƙungiyoyi da yawa ke yin tuntuɓe. Kwalbar da ke ɗauke da jariran tsirrai masu yawa ita ce mafi arha idan aka raba kuɗin a kan kowane tsiro, kuma hakan na jan hankali. Amma waɗannan jarirai sun tashi ne a wuri mai tsabta da laima, ba su taɓa haɗuwa da iskar waje ba, don haka makonnin farko bayan fitar da su ne lokacin da aka fi yin asara, kuma waɗanda suka rayu sai an jira shekaru kafin a ga fure. Ƙungiya kuwa ba kasafai haƙurinta ke kai shekara uku ba. Shawarata ita ce a sayi tsirran da suka kusa fure, masu girma ɗaya, daga hannun mai reno ɗaya kuma a lokaci ɗaya, domin sari ya fi sauƙin kuɗi, kuma ta haka ne bambancin da za a gani daga baya zai zama na reno, ba na iri ba. Idan akwai gogagge a cikinku da zai riƙe jariran kwalba a tukunya ɗaya na wasu watanni kafin a raba, to wannan wata magana ce.

Idan za a sayo daga wata ƙasa, a sani cewa duk dangin okid na ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ke sa ido kan cinikin tsirrai da dabbobin daji tsakanin ƙasashe, wasu kuma irin su Paphiopedilum suna cikin rukunin da aka fi tsanantawa. Kuɗin takardu da na jigila na iya cinye rangwamen da aka samu. Tsiron da aka tumɓuko daga daji kuwa kada a saye shi komai arharsa.

Ranar da kaya suka iso, kafin a raba, a duba ƙarƙashin kowane ganye ko akwai fararen ƙwari masu kama da auduga, a ware duk tsiron da ake shakkarsa, a kuma ƙona bakin wuƙa ko almakashi da wuta tsakanin tsiro da tsiro, domin ta kayan yanka ne cututtukan bairos ke yaɗuwa, kuma ba su da magani. Sannan a rubuta sunan iri da ranar rabo a ɗan allo a soka a kowace tukunya, a ajiye tsiro biyu ko uku a hannun mutum ɗaya domin maye gurbin waɗanda ba su kai labari ba.