Annoba Ba Ta Soke Tsarin Mulki

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Duk sanda annoba ta ɓulla a Kano, sai ka ji wata magana tana yawo tun daga teburin mai shayi har ofisoshin gwamnati: wai mutane na mutuwa, ba lokacin jiran majalisa ba ne, a bar gwamna ko shugaban ƙasa ya buɗe baitulmali ya kashe, lissafi sai daga baya. Daga baya yaushe?

Sashe na 80 na Tsarin Mulkin 1999 bai yi kwana-kwana ba: ba a cire ko kwabo daga asusun gwamnatin tarayya sai da dokar majalisa, in ban da abin da Tsarin Mulkin da kansa ya tanada. Sashe na 120 ya faɗi haka game da jihohi. Masu cewa gaggawa kuma, an riga an yi musu tanadi. Sashe na 83, da takwaransa na 123 a jiha, sun ba majalisa damar kafa asusun ko-ta-kwana, shugaba ya ɗiba idan abu ya taso ba zato, sannan ya dawo da ƙwarya-ƙwaryar kasafi a mayar da kuɗin. Ƙofa ga ta nan a buɗe. Me ya kawo tsallake katanga?

Za su ce ai ko a Amurka jiran majalisa ya yi ɓarna. Gaskiya ne, a 2016 Obama ya nemi dala biliyan 1.9 don yaƙar cutar Zika tun watan Fabrairu, sai a Satumba aka ba shi biliyan 1.1. Wannan laifin 'yan majalisar da suka ja ƙafa ne, kuma maganinsa su yi aikinsu, ba a ƙwace musu shi ba.

Mu dawo gida. A 2020 gwamnatin Buhari ta ware wa Legas naira biliyan 10 saboda korona, gwamnatin Ganduje ta nemi biliyan 15, a daidai lokacin da masu haƙa kabari a Kano ke cewa gawarwaki sun yi yawa. Ban ce an ci ko sisi ba. Tambayata ita ce, a kuɗaɗen korona, na tarayya da na jihohi, ɗan majalisa nawa ka ji ya tsaya kai da fata sai an karanta masa lissafi dalla-dalla? Alhali sashe na 88 da na 128 sun ba su ikon bincike!

Sai ga mashaƙo a 2023, Kano ce kan gaba a yawan masu kamuwa. Wanda ya ga yaro wuyansa ya kumbura, farin abu ya toshe masa maƙogwaro yana numfashi da ƙyar, uwarsa na riƙe da shi a kan benci, ya san wannan ba cutar jiran takarda ba ce. Amma cuta ce mai rigakafi, kuma kuɗin rigakafi a kasafi ake sa shi, watanni kafin ta zo. Wa ke amincewa da kasafi? Majalisa. Wa ya kamata ya bi sawu ya ga an saki kuɗin? Majalisa dai.

Sanƙarau da zafi yake zuwa, tun kafin annobarsa ta 1996 mun san haka. Amai da gudawa da damina. Wace gaggawa ce mai kalanda?

Majalisar dokokin Kano kujeru 40 gare ta. Idan wakilinka ya shigo unguwa ɗaurin aure, bayan an shafa fatiha ka ja shi gefe ka ce: ranka ya daɗe, nawa kuka sa a asusun ko-ta-kwana bana, kuma nawa aka saki?