Fodkas ɗin Zauren Iyaye: yara da keke mai taya ɗaya

Hajiya Bilki: Assalamu alaikum masu saurare, sannunmu da sake haɗuwa daga nan Kaduna. Yau muna tare da Malam Sani da ƙanina Nura, kuma Malam shi ya kawo mana zancen, wai keke mai taya ɗaya za a koya wa yara. Malam ni fa tun jiya gabana ke faɗuwa.

Malam Sani: Hajiya kowace uwa haka take cewa. Amma duba abin da kyau, ba sarƙa, ba birki, ba kan da za ka riƙe, taya ce da feda biyu a jikinta sai sirdi a sama. In ƙafa ta tsaya taya ta tsaya, kinga ba zai sulale da yaro a gangara ba kamar yadda keken gida ke yi, kuma mai koyo gudunsa bai wuce na tafiyar ƙafa ba, in ya kuskure yawanci a tsaye yake dira keken ne ke faɗuwa.

Nura: Yaya ni na gani da idona. Akwai wani yaro a Unguwar Rimi, bai wuce shekara tara ba, kullum bayan la'asar yana jikin katangar gidansu hannu ɗaya a bango ɗayan yana ta lilo a iska, ya taka rabin zagaye ya tsaya, ya ƙara rabi ya tsaya, duk fentin bangon ya yi layin datti daidai tsayin kafaɗarsa. Yanzu har shago ake aikensa a kai.

Hajiya Bilki: Ikon Allah. To amma ba wasan 'yan tsalle-tsalle bane kawai?

Malam Sani: A'a wallahi. A Japan tun 1989 ma'aikatar ilimi ta shigar da shi cikin darasin motsa jiki na firamare, makarantu da yawa suna da kekunan jere a tsakar gida, kuma 'yan mata ne ma suka fi hawa. Akwai gasar duniya da ake kira Unicon, an fara ta a 1984 a Amurka, yawanci duk bayan shekara biyu ake yi.

Hajiya Bilki: 'Yan mata kuma? To 'yata Khadija ta samu abin yi. Wane iri zan nema mata, shekararta bakwai.

Malam Sani: Mai inci 16 ya isheta, wanda ya kai goma zuwa sama a ba shi inci 20. Amma Hajiya sirdin ne magana. Ta zauna ta ɗora dunduniya a kan feda lokacin da take can ƙasa, ƙafar ta kusa miƙewa amma kar ta miƙe gaba ɗaya. In sirdi ya yi ƙasa cinya ce za ta gaji tun ba a je ko'ina ba. Sannan nauyinta duk ya zauna a sirdi, yara suna son tsayawa a kan feda saboda tsoro, nan ne keken ke fizgewa. Ido kuma gaba, ba kallon taya.

Nura: Kuma a duba harafin L da R a jikin ƙarfen feda, in aka juya sirdi baibai yaro na hawa feda za ta riƙa kwancewa da kanta, a kai wa mai gyaran keke ya ɗaure ya buga iska sosai.

Hajiya Bilki: Ni dai riƙe ta zan yi ta ƙugu har ta iya.

Malam Sani: Don Allah kar ki yi, wannan shi ne ya fi damuna da mu iyaye. In kin riƙe ƙugunta ke ce kike daidaita ta, jikinta ba zai taɓa gane inda tsakiya take ba. Ki miƙa mata hannu ko kafaɗa ta dafa, ki riƙa tafiya a gefenta, ita za ta saki in lokaci ya yi. Kuma kwanakin farko za ki ga kamar ba a ci gaba ko kaɗan, minti goma sha biyar a rana ya isa, kar a yi mata faɗa kar a gwada ta da ɗan maƙwabta.

Hajiya Bilki: Rauni fa?

Nura: Ƙwauri ne ke shan feda Yaya, shi ya sa nake cewa a sa mata abin kare ƙwauri irin na 'yan ƙwallo, da takalmi mai rufi ba silifas ba, da hular kwano. Wuri kuma siminti sumul, da safe kafin rana ta yi zafi, banda bakin titi inda masu Keke Napep ke wucewa.

Hajiya Bilki: To Nura ranar Asabar kai za ka raka mu, ka zo da safa doguwa. Masu saurare sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.