Kafa Madogara a Kundin Bincike: Inda Ɗalibai Suka Fi Tuntuɓe

Buɗe babi na biyu na kowane kundin digiri, za ka ga suna da shekara cikin baka biyu, kamar haka: (Wane, 2015). Amfanin wannan ɗan rubutu shi ne mai karatu ya bi sawun maganar har littafin da ta fito. A salon APA (tsarin kafa madogara na Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan'adam ta Amurka) bugu na 7, wanda ya fito a 2019, sunan ƙarshe na marubuci ake sawa, sai shekara. Idan kalmominsa ka ɗauko tiryan-tiryan, ka sa su cikin alamar zance, ka ƙara lambar shafi: (Wane, 2015, sh. 42). Idan maganar ta kai kalma 40, cire alamar zancen, ka ware ta a sakin layi nata, ka tura ta ciki da rabin inci. Marubuta uku ko fiye kuwa, na farko kawai za ka rubuta, sai "da wasu".

To, ga inda ake yawan faɗawa. Ɗalibi ya karanta ra'ayin wani, ya sauya kalmomin da nasa, sai ya ɗauka ra'ayin ya zama mallakinsa. Ina! Ko ka sauya wa akuya igiya, ta mai ita ce. Rashin ambaton mai ita satar fasaha ce, kuma malamin da ya san fagensa yakan gane tun kafin Turnitin, manhajar gano satar fasaha, ta yi magana.

Na biyun ya fi wannan ɓoyuwa, wato kafa hujja da littafin da ba ka taɓa riƙewa ba. Ka gan shi a kundin wani, ka kwaso sunan da shekarar. Idan wancan ya yi kuskuren shafi ko ya murɗe ma'anar, kai ma ka gaji kuskuren. Nemi na asalin. In ya gagara, ka faɗi gaskiya: Wane ya ce kaza, kamar yadda Wance ta kawo a 2020. A manazarta kuma, wato jerin littattafan da ke ƙarshen kundi, aikin Wance za ka sa, don shi ka karanta.

Manazartar a jera ta bisa abacada. Duk sunan da ke cikin aiki ya bayyana a can, duk wanda ke can kuma a same shi cikin aiki. Ayyuka biyu na mutum ɗaya a shekara ɗaya su zama 2018a da 2018b. Hirar baka da dattijo, a APA cikin aiki kawai ake ambatonta da cikakken kwanan wata, amma ka tambayi sashenku, wasu kan so jerin waɗanda aka zanta da su daban.

Ranar da ka buɗe littafi, a ranar ka rubuta marubuci, shekara, take, maɗaba'a da shafi, ko ka adana su a Zotero, manhajar adana bayanan littattafai. Ka ɗauki hoton bangon da shafin da ke bayan take da wayarka kafin ka mayar da shi laburare.