Kibiyar da ta bar baka: ko ibadar Hindu tana goge mummunar karma?

Assalamu alaikum. Malamaina, ɗalibai, iyayenmu mata da ke can baya, barkanku da yamma. Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka ba zan yi dogon sharar fage ba.

Kalmar karma ta shigo bakin yaranmu ta waya. Wani ya cuci wani, motarsa ta mutu a hanya, sai ka ji an ce karma ta kama shi. Wannan ai mun san shi tun kaka da kakanni: alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Amma a wurin mabiya Hindu abin ya fi haka nisa. A harshen Sanskirit kalmar tana nufin aiki, kuma kowane aiki yana da sakamakonsa. Da yake sun yarda mutum yana mutuwa a sake haihuwarsa sau ba adadi, kwikwiyon nasu ba ya tsayawa a wurin ƙona gawa, biyo mai shi yake har rayuwa ta gaba. To, akwai ibadar da za ta kore shi?

Su kansu bakinsu bai zo ɗaya ba, kuma gardamar tsohuwa ce. Littafin dokoki na Gautama, wanda ya haura shekara 2,000, ya kawo ta a babi na 19. Wasu sun ce kada a wahalar da kai, domin aikin da aka yi ba ya ɓacewa. Wasu sun ce a yi, shi ma can ya karkata. Sunan wannan gyaran laifi a wurinsu prayascitta. Zan riƙa cewa kaffara don sauƙin baki, amma kada wani ya fita ya ce na haɗa shi da kaffarar Musulunci.

Ku dubi irin abin da ake nema. Akwai wadda ake kira candrayana, mai bin tafiyar wata. Ranar da wata ya cika, loma 15 za ka ci, ba ƙari. Kashegari 14, sai 13, haka za ka yi ta ragewa har daren da wata ya ɓuya, ranar nan ko loma ɗaya babu. Sannan ka fara hawa, ɗaya, biyu, uku, har wata ya sake cika. Na ga wasu suna lissafi da yatsu. E, wata guda cur ke nan. Dokokin Manu, a babi na 11, sun ƙara da cewa mai laifi ya faɗi laifinsa da bakinsa, ya yi nadama, ya ƙudura ba zai koma ba, wanda ya saci ɗan abu kuma ya mayar wa mai shi kafin ya fara azumin. Ba kuma zan ɓoye muku abin da ke damuna a babin ba. Wanda ya kashe Brahmin, wato ɗan ajin malamai da ke saman jerin azuzuwan jama'arsu, shekara 12 zai yi a bukka cikin daji yana bara, amma ran Shudra, na ƙasan jerin, kashi ɗaya cikin 16 na waccan kaffarar aka yanka masa.

Dokokin Yajnavalkya sun zo da rarrabewar da na fi so. Laifin da aka yi bisa rashin sani, kaffara tana share shi. Wanda aka yi da gangan kuwa, bisa karatun da ya fi shahara, abin da kaffara take yi shi ne ta maido mutum cikin jama'a, a ci abinci da shi, a yi hulɗa da shi. Wato dangi sun yafe, amma bashin yana nan a rubuce.

Malaman Vedanta kuma, wata mazhabar falsafar Hindu, suka kasa karma uku, suna ba da misali da maharbi. Kibau da ke cikin kwari su ne sancita, tarin ayyukan baya da ba su nuna ba tukuna. Wadda ke kan tsirkiya ita ce abin da kake shirin aikatawa yanzu, kana iya sauke ta. Wadda ta riga ta bar baka ita ce prarabdha: jikin da aka haife ka da shi, gidan da ka faɗo. Suka ce ilimin gaskiya yana ƙone kwarin duka, amma kibiyar da ta tashi sai ta sauka, ko a kan waliyyi ne. Masu bin hanyar ƙaunar ubangiji ba su yarda da wannan iyaka ba. Su a wurinsu rahama ta fi lissafi, shi ya sa suke ba da labarin yaro Markandeya, wanda aka rubuta masa shekara 16 kacal, ya rungume alamar Shiva, ɗaya daga cikin manyan allolinsu, mutuwa ta koma hannu rabbana.

Yanzu mu zo kasuwa. Mutum ya rasa aiki, ya je wurin mai duba taurari, a ce masa Shani, wato tauraruwar Zuhal, ce ta hau kansa, shekara bakwai da rabi. Magani? Ya zuba mai a kan dutsen Shani ranar Asabar, kamar yadda ake yi a Shani Shingnapur a jihar Maharashtra ta Indiya, ko ya sayi zobe mai shuɗin dutse. Wani a tura shi Trimbakeshwar kusa da Nashik a yi masa hidimar Kaal Sarp ta kawar da wani mugun tsarin taurari, wadda har cikin masu duban akwai masu cewa babu ita a tsofaffin littattafansu. Masu duban suna da amsa a aljihu kuma: karma akwai mai tauri, akwai mai taushi. In ka warke, taka mai taushi ce. In ba ka warke ba, mai tauri ce. Ku gaya mini ta ina mai duba zai faɗi? A ganina tsofaffin masu dokokin nan sun fi gaskiya. Su cikinka da girman kanka suka nema, waɗannan kuwa aljihunka.

Sai wankan kogi, wanda suka yi imani yana wanke zunubi. A bikin Kumbh na Prayagraj, daga 13 ga Janairu zuwa 26 ga Fabrairun 2025, gwamnatin jihar Uttar Pradesh ta ce mutane sama da miliyan 660 suka shiga ruwa a mahaɗar kogunan Ganga da Yamuna. Ba na raina wanda ya taso daga ƙauye da tsohuwarsa a baya don ya tsoma ta a ruwan nan. Amma masu sukar ma 'yan gida ne. Kabir, masaƙin Baranasi na ƙarni na 15, ya bar birnin da ake cewa mutuwa a cikinsa tsira ce, ya tafi Maghar ya mutu can da gangan. Shi kuwa Ramakrishna, wani babban malamin Hindu da ya rasu a 1886, mai girmama Ganga ne ƙwarai, amma da aka tambaye shi sai ya ce lallai wanka yana raba mutum da zunubi, sai dai zunuban hawa bishiyoyin bakin kogi suke yi su jira. Mutum na fitowa yana goge jiki, sai su diro masa a kafaɗa.

Malam mai gabatarwa yana ta nuna mini agogo. Hajiya, na ga hannunki tun ɗazu, a miƙa mata abin magana.