Lacca: Gina injin Godot da hannunka tun daga kod

Salamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla, mu fara.

Tambayar da aka fi yi min ita ce, malam tunda Godot, wato manhajar da ake haɗa gem da ita, kyauta ne, ka sauke ka danna ya buɗe, to meye na wahalar da kai da kompayil, wato mayar da kod ɗinsa manhajar da kwamfuta za ta iya buɗewa? Gaskiya yawancinku ba ku da buƙata. Amma ranar da ka ga an gyara wani kuskure da ke cin maka tuwo a ƙwarya kuma ba a fitar da sabuwar siga ba tukuna, ko kana son rage nauyin gem ɗinka, ko kana son kulle fayilolinsa da makullin sirri, to nan fa dole ka zauna ka gina abinka.

Injin nan Juan Linietsky da Ariel Manzur ne suka fara shi, 'yan Ajantina, aka sake shi ga kowa a 2014 ƙarƙashin lasisin MIT, wato ka ɗauka ka canza ka ma sayar, sharaɗin kawai ka bar bayanin lasisin a ciki. Da yaren kod na C++ aka rubuta shi, abin da ke jan ragamar ginin kuma wata manhaja ce mai suna SCons, ita kuma kan yaren Python take tafiya, don haka in babu Python kar ma ka fara. Sai kompayila, manhajar da ke yin kompayil ɗin, masu Linux GCC ko Clang, masu Windows kuma Visual Studio ko MinGW.

Ka jawo kod ɗin daga GitHub, shafin da ake ajiye shi, da umarnin git clone. To a nan ku saurara da kyau, don ni nan na sha kashi. Abin da zai sauko maka reshen master ne, inda ake ta aiki kullum, yau lafiya gobe wani abu ya karye. Ni ban duba ba, na gina, na buɗe aikin da na yi watanni ina yi da shi, ya taɓa min fayiloli, kuma ba ni da kwafi, wallahi ranar ko barci ban yi ba. Ka yi git checkout ka koma kan siga mai stable a ƙarshen sunanta, misali 4.2-stable, sannan ka ci gaba.

Umarnin kansa gajere ne, scons platform=linuxbsd target=editor, mai Windows ya sa windows a wurin. Daga nan sai haƙuri, fanka za ta yi ta ihu, rubutu na ta gudu a allo, karon farko yana daɗewa sosai musamman in kwamfutar ta tsufa. Na biyu ba ya kai haka, abin da ka taɓa kawai yake sake ginawa. In ya gama ka leƙa folda bin, editan, wato manhajar da za ka buɗe ka haɗa gem a ciki, yana nan.

In kuma ya tsaya da jan rubutu, don Allah kar ka karanta layin ƙarshe ka ce ka gane, layin ƙarshe cewa kawai yake gini ya tsaya. Hau sama ka nemo kuskure na farko, sau da yawa za ka tarar wani laburare ne, wato tarin kod da ginin ke dogara da shi, ba ka saka ba.

Wani abin da ake mantawa, edita daban, tamfilet ɗin fitar da gem daban, wato injin da ake haɗawa da gem ɗinka in za ka fitar da shi ga 'yan wasa. Tamfilet ana gina shi da target=template_release, kuma sigarsa sai ta yi daidai da ta editan. A nan ne za ka sa disable_3d=yes in gem ɗinka 2D ne zalla, nauyi ya ragu. Shi kuwa production=yes yana iya kunna LTO, wani matakin ƙara inganta kod a ƙarshen gini, mai cin RAM kamar me, in taka kaɗan ce sai ka ga komai ya daskare ana dab da gamawa.

Na ga hannu can gefe. Na'am ɗan uwa, ɗaga murya, rubuta gem da yaren C# kake tambaya? Eh akwai, amma sai ka saka .NET SDK, kayan aikin da C# ke buƙata, ka ƙara module_mono_enabled=yes, kuma da sauran matakai bayan nan, bari in jona kwamfutar da majigi ku gani da idonku.