Lacca: Me Ya Sa Firosesar Saba Ta Daina Tsere?

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? Madalla. Abu uku zan faɗa, in lokaci ya bari.

Na farko, tarihi kaɗan. A da, gasar masu ƙera firosesa, wato ɗan guntun da ke yi wa kwamfuta lissafi, ta gudu ce kawai, wa ya fi wa megahaz, ma'aunin gudun firosesa. Sai zafi ya taka musu birki. A 2004 Intel ta soke firosesar da ta sa wa suna Tejas, kuma Pentium 4 bai taɓa haura gigahaz 3.8 ba. Sai aka sauya dabara: maimakon ƙwaƙwalwa ɗaya (sashen firosesa da ke yin lissafin) mai tsananin gudu, a zuba da yawa a kan guntu guda. IBM ta riga su da POWER4 tun 2001, AMD ta fito da Opteron mai ƙwaƙwalwa biyu a 2005.

To me ya sa hakan ke rage cin wuta? Nan nake so ku buɗe kunne, don wallahi wannan lissafin yana burge ni. Wutar da firosesa ke sha tana bin gudunta, tana kuma bin boltejin da aka ba ta, wato ƙarfin lantarkin, amma shi boltej sau biyu ake lissafa shi, boltej sau boltej. Sau biyu fa! Kuma in za ka ƙara gudu, sai ka ƙara boltej. To rage gudun da kashi 20 cikin ɗari, ka rage boltej haka nan. Sai a ce 0.8 sau 0.8 sau 0.8. Masu waya ku danna. Nawa? Yauwa, Hajiya ta riga ku: 0.512. Rabi ke nan. Ka yi asarar kashi ɗaya cikin biyar na gudu, ka tsira da rabin wuta. Yanzu ajiye irin wannan guda biyu: wutar kusan ta da ce, aikin kuwa ya ƙaru da kashi 60. Bari in maimaita, na ga wani yana hamma. Wuta ɗaya, aiki ya ƙaru da kashi 60.

Amma da sharaɗi: sai aikin ya rabu. Aikin saba kuwa, wato babbar kwamfutar da ke yi wa jama'a hidima ta intanet, mai rabuwa ne, dubban mutane ne kowa da 'yar buƙatarsa. Kamar banki ne ranar albashi, kashiya takwas masu natsuwa sun fi guda ɗaya mai gaggawa. Kamfanin Sun ya gane haka da wuri. A ƙarshen 2005 ya fitar da UltraSPARC T1, ƙwaƙwalwa takwas, kowace na riƙe aiki huɗu a lokaci guda, duka a kan wat 70 da 'yan kai. A 2024 EPYC ta AMD ta kai ƙwaƙwalwa 192 a wat 500. Ku raba, kowace ba ta kai wat uku ba.

Na uku... na biyu nake? To, na biyu: sanyaya. Duk wat ɗin da ya shiga saba zafi yake komawa, sai ka sake biyan kuɗi a fitar da shi. A Ayalan, cibiyoyin adana bayanai sun sha kashi 21 na wutar ƙasar a 2023, ga su da sanyin Allah. Ina ga cibiyar da ke Legas ko Kano, da zafinmu da kuɗin dizal?

Sauran kuma saba mai zaman banza, wadda ke kunne ba ta aikin komai. Tsofaffin kan ci kusan rabin wutarsu a haka, shi ya sa ake tattara aikin saba goma a kan guda... Na'am, Malam?

Yana tambaya ne, in haka ne, me zai hana kowa ya sayi mai 192? Lasisi, Malam, lasisin manhaja! Tun daga Windows Server 2016, Microsoft da yawan ƙwaƙwalwa take cajin kuɗi, SQL Server kuwa tun 2012. Oracle ma ƙirga su take yi. Sai ka rage kuɗin wuta, ka je ka zuba ninkinsa a manhaja. In manhajarka ta Linux ce wadda ba a biya, sayi mai yawa. In rumbun bayanai ne mai lasisi, ni dai shawarata mai ƙwaƙwalwa 16 masu gudu ta fi maka arha. Ku zauna da akanta kafin ku kira dillali. Shugaba yana nuna min agogo, an kira la'asar. Na ukun sai wani zaman.