Dusa ta yi yawa, fitsarin rago ya tsaya

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau Malam Audu da ƙorafi ya shigo, Dakta sai ka gyara zama.

Malam Audu: Ƙorafi kam, Hajiya. Bara na ɗaure rago wata uku saboda layya, dusar alkama safe da yamma. Saura mako biyu Sallah na tarar yana ta yunƙuri, yana harbin cikinsa da ƙafar baya, fitsari sai ɗigo-ɗigo. Ala tilas na sa masa wuƙa.

Dakta Bello: Allah ya mayar da alheri. Harawa fa, kana ba shi?

Malam Audu: Ina! Ta yi tsada.

Dakta Bello: To nan gizo ke saƙar. Dusa cike take da sinadarin fosfaras, kalsiyam kuwa ɗan kaɗan ne a cikinta. Abin da ake so, kalsiyam ya ninka fosfaras, wato kashi 2 ga kashi 1. In fosfaras ya rinjaya, rarar ta bi fitsari, ta dunƙule kamar tsakuwa. Hanyar fitsarin rago kuma doguwa ce, siririya, nan da nan ta toshe. Tunkiya ba kasafai abin ke kama ta ba.

Zainab: Amma ni masu kaji na ji suna cewa fosfaras ɗin dusa ba ya shiga jiki.

Dakta Bello: Ga kaza, gaskiyarsu. Mai tuƙa daban ne, ƙwayoyin halittar da ke tumbinsa su ke warware shi. Kuma yawan tuƙa na kawo miyau, miyan ya kwaso fosfaras daga jini ya mayar tumbi, rarar ta fita ta kashi. Ragon da ba ya samun abin tuƙawa, sai aikin ya koma kan ƙoda.

Malam Audu: Ikon Allah! To shanun da ke taunar ƙasusuwa a daji da rani fa?

Dakta Bello: Su rashi ke damunsu, busasshiyar ciyawa ba ta da isasshen fosfaras. A Afirka ta Kudu, wani likitan dabbobi mai suna Arnold Theiler ya gano cewa wannan tauna ce ke jawo wa shanu gubar da ke cikin mushe, ta shanye musu ƙafafu.

Malam Audu: Kanwa ba ta maganinsa?

Dakta Bello: Kanwa dangin gishiri ce, ba ta cike wannan gurbi. Kai dai bana ka rage dusa, ka ƙara harawar wake ko ta gyaɗa, ruwa kuma kada ya yanke a gabansa.

Zainab: Sai ka sayi harawar tun da kaka, Malam, kafin dami ya tashi.